Kada Ku Ɓoye Ciwo: Nasiha ga Matasan Damagaram

Ƴaƴana na Damagaram, maza da mata, na Birni da na Zango, na Sabon Gari da Garin Malam da Kara-Kara, da ku da kuka baro Mirya ko Magarya ko Tanut kuka zo neman ilimi kuna zaune a gidan dangi, na daɗe ina tsayawa gaban allo ina duban fuskokin yara, tun suna zuwa riƙe da hannun yayyensu har su kawo ƙarfi su kama gabansu. Na ga masu kaifin basira da yawa da karatunsu ya tsaya a hanya, kuma in aka bi diddigi sai a tarar lafiya ce ta kufce musu, ta jiki ko ta zuciya. Kusan kullum da ƙaramin abu ake farawa, a yi shiru a kansa har ya gagara.

Da kunya da dauriya aka rene mu, da su kuma muka rene ku, kuma halaye ne na ƙwarai. Sai dai akwai inda suke cutarwa. Yaro ya ji ciwo ya cije don kada a ce masa rago. Yarinya ta ga wani abu a jikinta ta rasa bakin gaya wa mahaifiyarta. Saurayi ya kwana yana juyi da damuwa, gari ya waye a tambaye shi, ya ce lafiya lau. Abin da nake roƙonku a wannan takarda guda ɗaya ne: ku koyi faɗin ciwo tun yana ƙarami, ga wanda ya san maganinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mu fara da sanƙarau, tunda babu wanda bai ji sunansa ba a cikinku. Ƙasarmu tana cikin yankin da wannan cuta ke zagayowa duk rani, daga lokacin da hunturu ya tayar da ƙura har faɗuwar ruwan farko. Daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 kaɗai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu ba su kai shekara 20 ba. Tsararrakinku ke nan. Ku riƙe alamominsa da kyau: zazzaɓi mai zafi da ya sauko farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, amai, ido ya ƙi haske, magana ta fara rikicewa. Sanƙarau yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, kuma a cikin waɗanda suka tashi, kusan ɗaya cikin biyar yakan fita da tabo, ko kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa. Ɗana, in abokin ɗakinka ya kwanta da waɗannan alamu, kada ka bari a ce a dakata a ga gobe. Ka tashi babba, a ɗauke shi zuwa asibiti a daren. Cutar ta fi yaɗuwa inda aka cunkushe ana shaƙar numfashin juna, kamar ɗakin kwanan ɗalibai da zauren almajirai, don haka ku bar taga a buɗe ko da ana ɗari.

Idan masu rigakafi suka zo makaranta, ku miƙa hannu, ku kuma kawo ƙannenku. Allurar da aka fara yi a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 ta kusan kawar da nau'in sanƙarau da ya fi yi wa iyayenmu ɓarna. Wasu nau'o'i ne ke damun mu yanzu, su ma kuwa akwai allurarsu. Mashaƙon da ya ɓulla a Matamaye a 2023 ya fi kama yaran da ba a yi musu rigakafi ba. Za ku ji jita-jita a waya, muryar wani da ba ku san fuskarsa ba yana rantsuwa cewa allurar tana hana haihuwa. Ku dubi yayyenku da aka yi wa ita suna yara, ga su nan da goyo. Rigakafi ya fi magani.

Daga nan sai maganin tebur. Kun san shi, ƙwayoyi ja da kore da ake shanyawa a rana a tasha da bakin kasuwa, mai sayarwa bai iya karanta abin da ke jikin kwalin ba amma shi ke yanke maka adadin da za ka sha. Da zazzaɓi ya taso sai a aiki yaro da ƴan kuɗi kaɗan ya sayo. Wani na jabu ne, wani rana ta kashe ƙarfinsa, wani kuma ba na wannan ciwon ba ne. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a gane cikin ƴan mintoci a ƙaramin asibitin unguwa. In an ba ka maganin kwana uku, ka shanye shi duka ko da ka ji sauƙi a rana ta biyu, domin ragowar ƙwayar cutar da ka bari ita ke dawowa da ƙarfinta. Gidan sauron da aka raba kuma na kwanciya ne, kada a mai da shi shingen lambu.

Akwai wani ciwo da samari ke ɓoyewa, wasu ma har alfahari suke da shi. In damina ta cika tapkuna da kududdufai, yara su faɗa iyo, bayan wani lokaci sai yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. A wasu ƙauyuka har cewa ake alamar balaga ce. Tsargiya ce, ɗana. Wata ƴar tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwan kwance, ta huda fata ta shiga jiki, ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Tana shanye jini a hankali, yaro ya riƙa gyangyaɗi a aji, in ta daɗe kuma ta taɓa mafitsara da ƙoda. Maganinta ƙwaya ce da ake sha lokaci ɗaya, sau da yawa ma kyauta ake rabawa a makarantu. Ƴan mata ma suna kamuwa, kuma su suka fi yin shiru.

Kun san halin garinmu da ruwa. A kan dutse Damagaram take zaune, daga nesa ake jawo mata ruwa, daga Gogo da Arunguza da Ganaram, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura awo 40, famfo yakan yi kwanaki bai ɗiga ba. A daidai wannan lokacin kuke shirin jarrabawa. Ku tafi makaranta da gorar ruwa mai tsabta. In fitsarinka ya yi rawaya mai duhu kuma kanka na sarawa da rana, ƙishirwa ce kafin komai. Kada ku fita da ciki wayam. Koko da ƙosai, ɗumamen tuwo, ko fura ludayi biyu, duk wanda ya samu. Ƙwaƙwalwar da ba a ciyar ba ba ta riƙe karatu, malami ya yi ta faɗa, yaro ya ɗauka shi daƙiƙi ne alhali yunwa ce.

Yanzu zan zo kan abin da ya fi ci mini rai, wato tramol. Ba a cika fara shi da niyyar lalacewa ba. Ɗalibi yana so ya raba dare yana bitar darussa kafin jarrabawar bak, ɗan kabu-kabu yana so ya yini bisa babur bai gaji ba, mai noma yana so ya gama gona kafin ruwa ya wuce, sai aboki ya miƙo ƙwaya ya ce gwada ka gani. Gaskiya ne, ranar farko gajiya takan tafi. Amma ƙarfin nan bashi ne jiki ya ci, kuma da riba mai nauyi zai biya. Tramol maganin ciwo ne mai tsanani, dangin su kodin. Likita yakan ba da miligiram 50 ko 100, ba ya wuce 400 a yini ko ga babban mutum. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa ƙwaya ɗaya takan kai 225, saurayi ya watsa biyu ko uku cikin shayi. Jiki yana sabawa da shi da sauri, abin da ɗaya ta yi jiya sai biyu yau. Daga nan sai rama, rashin cin abinci, saurin fushi, mantuwa, da faɗuwa ana shure-shure kamar mai farfaɗiya, wani lokaci a tsakiyar titi bisa babur da fasinja a baya. Ranar da babu shi kuma sai gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, har mutum ya kai hannu cikin adakar mahaifiyarsa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga irin wannan da maganin tari mai kodin, har gwamnatinsu ta hana yin sa da shigo da shi a 2018, bayan ya riga ya cinye samari da matan aure da yawa a Kano da kewaye. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Haka sholisho da wiwi da ƙwayoyin sa barci, duk hanya ɗaya suke bi.

Ɗana, in ka riga ka shiga, ba na cikin masu tofa maka yawu. Na ga waɗanda suka fita suka zama magidanta masu sana'a. Sai dai da wuya a fita a ɓoye, domin jikin da ya saba yana buƙatar a janye shi a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Ka nemi babba ɗaya da ka yarda da shi, kawu ko malami ko limamin unguwa, ka gaya masa gaskiya, ku tafi babban asibitin Damagaram tare. Kunyar yini ɗaya ta fi sauƙi a kan ɓarnar shekaru.

Wannan ya kawo mu ga fada. Ba na zagin fada. Wurin zumunci ce, a nan ake jin labarin aiki, a nan ake haɗa kuɗi in ɗaya ya kwanta ciwo ko zai yi aure. Amma fada fada ce, wata kuma pale ce, wato matattarar ƴan daba, kuma kun fi ni sanin bambancinsu. Ƴar garin nan Aisha Maki ta yi fim mai suna Zinder a 2021 a kan samarin Kara-Kara, duniya ta ga majiya ƙarfi masu ɗaga ƙarfe, ta ga tabon wuƙa a jikinsu, ta kuma ga cewa da yawansu rashin makaranta da rashin aiki ne suka kai su can, kuma suna neman mafita. Ƴaƴanmu ne su ma. Abin da nake so ka duba shi ne me ake zubawa a butar shayin fadarku, me ake hira a kai, wa ake yaba wa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In a wurin zamanku ana yi wa mai zuwa makaranta dariya ana girmama wanda ya fi jure ƙwaya, ka sauya tabarma tun da wuri.

Ko fadar kirki ma tana da abin da take sacewa, shi ne barci. A sha shayi na fari, na biyu, na uku, a koma ɗaki a ɗauki waya, TikTok da WhatsApp har ƙarfe biyu, ga asuba ga makaranta. Mai shekarunku yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana, shi ya sa wanda ya kwana bita yakan shiga ɗakin jarrabawa ya tarar kansa fayau. Rashin barci yana kawo fushi da baƙin rai, shi ne kuma ƙofar da ƙwaya ta fi shigowa ta ciki. Ka ajiye waya nesa da shimfiɗa. Rayuwar da kake gani a cikinta ma zaɓaɓɓiya ce, kowa abin da yake so a gani yake nunawa, kada ka auna gidanku da ita.

Ƴata, ke ma ga naki. Jinin al'ada lafiya ce, ba abin da zai hana ki zuwa aji ba ne. Ki tanadi ƙyalle mai tsabta, ki wanke da sabulu ki shanya a rana ya bushe sarai. In ciwon mara yana kwantar da ke duk wata, ko jinin ya wuce mako, ko ya yi yawa, ki gaya wa inna ko yaya ko malama a kai ki a duba. Yawan jiri, faɗuwar gaba in kin yi ɗan sauri, tafin hannu da cikin ido su yi fari, alamun ƙarancin jini ne, kuma ya yi yawa a tsakanin ƴan matanmu. Maganinsa na kusa yana cikin tukunyar gidanku: zogale, wake, rama, hanta in ta samu, da ɗan lemon tsami. Shayi a kan abinci yana hana jiki cin amfanin abin da ke gina jini, ki ba da tazara. Man sauya launin fata kuma ki bar shi. Yana siranta fata, ya bar tabon da ba ya gogewa, wani har ƙoda yake taɓawa. Fatar da Allah ya ba ki ita ta dace da ranar ƙasarki.

Maganar aure ta iyaye ce, amma jikin naki ne, ya kamata ki san abin da ke ciki. A Nijar, kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ana yi musu aure kafin shekara 18. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, in naƙuda ta yi tsawo a gida kwana biyu ko uku, kan jariri yakan danne mafitsara har ta huje, jaririn ya tafi, ita kuma a bar ta da yoyon fitsari. Ana gyara shi da aiki a asibiti, amma gara a ce bai faru ba. Tun Disamban 2017 akwai dokar gwamnati da ta tanadi a kare karatun yarinya har ta kai shekara 16. In ana shirin cire ki, ki nemi wanda mahaifinki ke jin nauyinsa ya yi masa magana cikin ladabi. In kina da ciki, ki je awo, ki haihu a asibiti. Ku duka biyu kuma, saurayi da budurwa, ku yi gwajin sikila tun kafin magana ta yi nisa. In kowannenku yana ɗauke da ita a ɓoye, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. In kuma wani ya taɓa ki ta hanyar da ba ta dace ba, ko ya nemi ki biya maki da mutuncinki, ko wane ne shi, laifin nasa ne. Shirunki shi yake ba shi damar komawa kan wata.

Saura ciwon da ba a gani da ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa ko ta zuciya, kuma da yawa daga irin waɗannan lalurori tun ana yara suke farawa. Mu a nan ba mu cika ba su suna ba sai mutum ya fita tsirara. Amma tun kafin nan akwai alamu. Yaro mai fara'a ya koma shiru, ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, abin da yake so da ya daina burge shi, ya riƙa cewa shi ba shi da amfani. In wannan ya wuce mako biyu, ciwon damuwa ne, kuma yana da magani kamar yadda zazzaɓi yake da shi. Ba raunin imani ba ne. Na san abin da ke danne ku. Wani ya faɗi jarrabawa sau biyu yana jin kunyar haɗa ido da mahaifinsa. Wani ya gama Lise Amadu Kuran Daga, ya gama Jami'ar André Salifou, takarda na cikin akwati shi yana zaune. Wata an raba ta da ƙawayenta an kai ta gidan da ba ta san kowa ba. Nauyi ne na gaske, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Garinmu yana da darasi a kan wannan. Unguwar Kara-Kara masu cutar kuturta aka fara keɓe wa ita, saboda tsoro. Yau kuturta tana warkewa da ƙwayoyin da ake bayarwa kyauta a duniya tun 1995, amma ƙyamar da aka ɗora wa unguwar ta bi jikoki da ba su taɓa ciwon ba. Kada mu maimaita wannan da masu ciwon ƙwaƙwalwa da masu farfaɗiya. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. In ɗan ajinku ya faɗi, ku kawar da abin da zai ji masa rauni, ku juya shi ya kwanta a gefensa, kada ku cusa masa komai a baki, in ya farfaɗo ku zauna da shi. Mafi yawan masu ita suna daina faɗuwa in suna shan magani a kan kari. In ƴar ajinku ta yanke jiki ta faɗi ana cewa iskoki ne, a yi addu'a, a kuma kai ta likita ya duba jininta ya ji damuwarta. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

Ɗana, ƴata, in har zuciya ta taɓa raya maka cewa gara mutuwa, kada ka kwana da wannan tunani kai kaɗai. Ka faɗa wa wani a ranar. Irin wannan duhun yana wucewa, waɗanda aka riƙe hannunsu a lokacin sukan zo daga baya suna godiya. In kuma aboki ne ya furta maka haka, kada ka ɗauke shi wasa, kada ka yi masa wa'azi mai zafi, kada kuma ka yi masa alkawarin rufa asiri. Ka zauna da shi, ka saurara, ka kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, ka kai shi ga babba.

Na san wani zai ce, Baba, ai mun faɗa ba a saurare mu ba. Yana faruwa. Mu manya wani lokaci neman abin sawa a tukunya yakan toshe mana kunne, wani lokaci kuma tsoron kuɗin magani ne ke sa uba ya ce ba komai. In na farko bai ji ba, ka je ga na biyu. Akwai goggo, akwai kawu, akwai malamin makaranta, akwai ma'aikacin asibitin unguwa. Ka faɗi abin yadda yake: yaushe ya fara, ina yake ciwo, me ka riga ka sha. Kai ma ka zama kunne ga ƙannenka, domin abin da suke jin nauyin gaya mana kai za su gaya wa. Lafiya uwar jiki, da ita za ku yi karatun, ku yi sana'ar, ku riƙe iyayenku ranar da ƙarfinsu ya ƙare. Allah ya raya mana ku, ya tsare ku daga cuta ta fili da ta ɓoye, ya sa ku fi mu amfani ga Damagaram da ƙasa baki ɗaya.